Ɗinkin da Ba a Warwarewa

Ƙarfe uku da minti ashirin na yamma, ranar Lahadi, a hawa na tara na wani dogon bene a unguwar Minguettes da ke gefen Lyon, aka faɗi maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Walimar suna ce a gidan Malam Sani, an ci an sha, an kwashe faranti. Waɗanda suke wurin su ne mai gida, da ni, da dattawa biyu 'yan Maradi masu aikin sito, da ɗalibai huɗu 'yan ƙasarmu da ke karatu a Lyon. Talabijin yana kunne an kashe murya. Sai aka nuno jirgi mai saukar ungulu tsaye a iska kusa da wani tsauni, mutum yana reto a ƙarƙashinsa da igiya, ya rungumo wani da ya karye. Malam Sani ya nuna da yatsa ya ce, "Kun ga abin da ke ɗaure a jikin mutumin can? Malam Isufu ne yake ɗinka irinsa."

Ɗaya daga cikin ɗaliban, Nasiru, wanda aka ce ya kusa zama dokta a aikin injiniya, ya dube ni ya ce, "Baba, franchement, maganar gaskiya, ai bel ne kawai. Layi ne miƙaƙƙe. A ba ni keken ɗinki da sati ɗaya."

Aka yi dariya. Ni ba na gardama a gidan suna. Amma zan amsa a nan, a rubuce, bi da bi, don duk wanda ya yi dariyar ya samu rabonsa. Karatuna bai wuce aji shida ba, saboda haka dokta sai ya yi haƙuri da ni. Babu lissafi mai wuya a ciki.

Abin da ya kira bel, ɗamara ce. Ana yin ta da maɗauri mai kauri na roba-roba, faɗin yatsa uku, ya zagaye ƙugu da cinyoyi da kafaɗu, ya haɗu a ƙirji inda ake maƙala ƙugiyar igiyar jirgi. Mai ceto yana sa ta, a sauke shi daga sama zuwa inda mota ba ta zuwa, ya ɗaure wanda ya faɗi a jikinsa, a jawo su tare. Tsakaninsa da ƙasa babu komai sai iska da ɗinkina. Wannan shi ne aikin da na yi shekara goma sha shida a wani atilye, wato ma'aikatar ɗinki, a Vénissieux, bayan tashar taram, jirgin ƙasan cikin gari.

Na fara da koyo, don a san daga ina cutar ta fito. Shekara bakwai na yi a Damagaram a gaban maigidana kafin ya bar ni na yanka yadin mutum. Abu uku ya dasa mini a hannu. Zare ya saje da yadi, kada a gan shi. Layi karkatacce abin kunya ne ga tela da wanda ya koya masa. Idan kuma ka yi kuskure, ka sa reza ka warware, ka sake, ka goge, mai kaya ya tafi bai sani ba. Ba ha'inci muke kiran wannan ba. Iyawa muke kiran sa, kuma a kan riga iyawa ce.

Wata babbar rigar mata na tuna, a shagon Alhaji Laminu a Château Rouge, inda na yi shekara huɗu bayan zuwana Paris. Matar wani ma'aikacin ofishin jakadanci ce ta kawo shadda mai tsada ana saura kwana biyu Sallah. Na yanka wuya ya zarce da yatsa biyu. Alhaji Laminu ya duba, ya rufe labulen shago, ya ce, "Isufu, yadin nan ko a mafarki ba mu da irinsa." Na zauna na zagaye wuyan da aiki mai faɗi, na cike giɓin da zare har ya zama kamar da gangan aka yi. Da Hajiya ta zo ta sa, ta juya gaban madubi, ta ce ba ta taɓa ganin wuya mai kyau haka ba, ta kuma turo mana ƙawayenta uku, kowace tana son irin wuyan. Sai da na riƙa yanka kuskuren da gangan har tsawon shekara. A ranar da Hajiya ta karɓi rigar Alhaji Laminu ya ce na cika tela.

Da wannan girman kai na shiga atilyen Vénissieux ranar gwaji. Shef ɗin ɗinki, wato shugabar masu ɗinki, wata mace ce gajera mai furfura, Madam Odil, tabarau biyu a wuyanta, ba ta gaisuwa sama da kalma ɗaya. Ta ba ni baƙin maɗauri ta ce in haɗa bakinsa biyu da ɗinkin akwati mai gicciye a tsakiya, ta tafi. Na duba keken na ga jan zare a kai. Na ce a raina, waɗannan mutane ba su da ido. Na cire, na nemo baƙi a kan kanta, na ɗinka abin da ko maigidana na Damagaram sai ya shafa kafin ya gane inda allura ta bi.

Ta dawo ta ɗaga shi ta juya. Ta ce, "Ina ɗinkin?"

Na ce, "Yana nan, Madam. Ba ya ganuwa ne."

Ta ce, "Na ga alama." Ta jefa shi a kwando.

Sannan ta yi mini bayani da 'yan kalmomi. Mai ceto yana duba ɗamararsa kowace safiya, wani lokaci da safar hannu, cikin sanyi, yana sauri. Idan dutse ya goge zare ɗaya, dole idonsa ya faɗa a kai nan take. Saboda haka baƙin maɗauri jan zare, jan maɗauri farin zare. Ta ce, "A nan muna son ɗinki mai ihu. Kyau ka bar wa masu aure." Ta sake ba ni wani. Na yi da jan zare, hannuna yana jin kamar ina zagin kaina. Ta ɗauke ni aiki.

Yanzu kayan aiki. Keke babba ne, da ƙarfinsa zai huda tafin takalmi, kuma ba ya jiran wanda ke tunanin wani abu. Ba a yanka maɗauri da almakashi, sai da wuƙa mai zafi wadda ke narka bakin don kada ya zare. Allura kowace safiya sabuwa, ko ta jiya ba ta yi komai ba. Idan ta karye, aiki ya tsaya. A tsince gutsattsarin duka, a jera su a kan takarda, a manne, a ga sun haɗa allura cikakkiya. Na taɓa yin minti arba'in a durƙushe ina neman tsini, ni da na haifi 'ya'ya uku, mata shida suna kallo. Abu ɗaya ne babu shi a atilyen gaba ɗaya, wato reza ko wani abin warware ɗinki. Idan layi ya karkace, ko zare ya tsallake, a datse maɗaurin biyu, a jefa a jan kwando, a rubuta suna da dalili a takardar da ke rataye a bango inda kowa ke wucewa. An gaya mini cewa allura tana yanka 'yan zarurrukan maɗauri duk inda ta shiga, idan ta bi wuri sau biyu ta raunana shi. Na ji, na ce to. A raina na ɗauka irin dokokin nan ne na mutanen da ke son takarda fiye da abinci.

Na ƙarshe shi ne hatimi. Ƙaramin abu ne kamar na masu gidan waya, da lamba a jiki. Duk ɗamarar da ta fita tana ɗauke da lambar wanda ya ɗinka ta. Wanda ba shi da hatimi ba ya taɓa ɗinkin da ke ɗaukar nauyin mutum, sai jakunkuna da aljihu. Shekara biyu na yi a kan jakunkuna kafin a ba ni nawa. Shekara biyu, bayan goma sha ɗaya da na riga na yi a kan keke. Wannan don mai neman sati ɗaya.

Masu sayen kayanmu kuwa ba irin Hajiyoyin Château Rouge ba ne. Babu mai tambayar ko launi ya dace da fatarsa. Akwai masu ceto na duwatsu iri-iri, a cikinsu har da wani ƙaramin rukuni na sojojin ruwa da ake turowa tsaunukan da ke gabas da mu, su yi atisaye, su kuma fita idan an kira su. Wanda yake zuwa karɓar kayansu wani ƙato ne mai jan gemu, Erwan, mutumin bakin teku, yana cikin waɗanda ake saukewa da igiya. Ba ya sa hannu a takarda sai ya sa ɗamara ɗaya, ya maƙala ta a ƙarfen rufin atilye, ya ɗage ƙafafu yana lilo kamar buhun gero.

Ranar farko na kasa haƙuri na ce, "Kai sojan ruwa ne, me ya kawo ka kan dutse? Ko teku ta ƙafe?"

Ya ce, yana rataye, "Wanda ya saba sauka kan jirgin ruwa mai rawa cikin guguwa, dutse ba ya ba shi wahala, don dutse yana tsaye wuri ɗaya. Bambancin ɗaya ne, tela. A teku idan abinka ya tsinke zan yi iyo. A dutse har yanzu ba a samu wanda ya iya iyo ba."

Tun daga nan duk zuwansa sai ya tsaya a kekena ya ce, "Tela, yau ma ka bar ni da rai?" Ni kuma in ce, "Rage cin cuku, zare yana kuka."

Na zo kan mummunar shekara.

Ɗamara ashirin da huɗu rukunin Erwan suka yi oda, aka ba ni ɗinkin ƙirji na dukansu, inda ƙugiya ke shiga. Ranar Alhamis, wajen sha biyu saura, ina kan ɗaya daga cikinsu, maɗaurin ya ɗan zame mini, gefe ɗaya na akwatin ya fita a karkace. Ba da yawa ba, kamar faɗin ƙwayar shinkafa. A lokacin shekara uku ke nan sunana bai hau takardar bango fiye da sau ɗaya a wata ba, ana nuna ni ga sababbi ana cewa ku dubi Isufu. A wannan satin kuwa na riga na hau sau biyu. Na uku zai sa Madam Odil ta tsaya a bayana tana kallon aikina, kuma kallonta ya fi zagi.

Aka buga ƙararrawar cin abinci, kowa ya fita. Akwai reza a aljihuna. Kada a tambaye ni dalili, babu telan Damagaram da ke fita gida ba reza. Minti shida na yi. Na warware, na tsince jan zaren tas, na shafa wurin da farce, na mayar da allura cikin ramukan farko inda suke daidai, na miƙar da gefen da ya karkace. Ya fito ya fi sauran kyau. Na buga hatimi, na jefa ɗamarar cikin 'yan uwanta, kowace da lambarta ta daban, ban ko duba ta wannan ba, na tafi na ci tuwon da na zo da shi. Da yamma Madam Odil ta bi su ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma, ta sa hannu. Ranar Litinin Erwan ya zo ya yi lilonsa, ya kwashe.

Kwana tara bayan haka aka kawo sabon inji. A da, gwajin ƙarfi a wani wuri ake yi, mu sai dai a karanta mana sakamako. Yanzu ga shi a ɗakin baya, ƙarfe biyu masu kama maɗauri su ja, da gilashi mai kauri a gaba, da agogo mai nuna nauyi, an ja jan layi a inda doka ta ce dole ɗinki ya wuce. Madam Odil ta tara mu duka. Ta sa maɗauri na farko, hannun agogo ya hau, ya wuce jan layi, ya yi nisa, sannan ya tsinke. Ta ɗauko na biyu ta ce, "Wannan ni na ɗinka, na warware, na sake, don ku gani da idonku." Ta zagaya da shi, muka duba, babu wanda ya ga bambanci. Ta sa shi. Hannun agogo bai kai jan layi ba muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Ba zaren ne ya tsinke ba. Maɗaurin ne ya yage a kan layin ramuka, kamar takardar da aka huhhuda don a yaga.

Da aka fita cin abinci na tsaya a bakin tashar taram na kira Alhaji Laminu a Paris, domin shi ne babba a gare ni a ƙasar nan. Muka gajarta gaisuwa, na faɗa masa komai.

Ya ce, "Wa ya gan ka?"

Na ce, "Ba kowa, Alhaji."

"Ka sake ɗinkin da kyau?"

"Ya fi na farko."

"To me kake nema? Isufu, takardun zamanka a kan aikin nan suke rataye. Kana da iyali, yara suna lakkal suna karatu. Ka je ka kai kanka, su karɓe wannan hatimin naka, su sallame ka, sai ka dawo mini nan ka zauna kana yi wa mata kalmasa? Ka yi shiru. Ka yi sadaka, Allah ya tsare bawan nan nasa."

Na ce, "Sadakar zan yi, Alhaji. Amma ba ita aka ɗinka masa a ƙirji ba."

Ya yi tsaki ya ce, "Ka zama Bature," ya kashe waya.

Ƙarfe biyu saura minti ashirin na ƙwanƙwasa ƙofar Madam Odil. Na ajiye rezar a kan teburinta, na faɗi abin da na yi da ranar da na yi shi. Ba ta ɗaga murya ba. Tambaya ɗaya ta yi.

"Wace lamba?"

Na ce, "Ban duba ba."

Ta cire tabarau ta ce, "Wato ashirin da huɗu." Ta ɗauki waya tun ina tsaye. Na ji tana gaya wa wani cewa kada kowa ya sake rataya a kan ko ɗaya, ko da jirgi ya riga ya tashi a kira shi. Ta ajiye ta miƙo hannu. Na ɗora mata hatimin.

Washegari ƙarfe tara Erwan ya iso da kansa da manyan jakunkuna biyu. Bai tsaya a kekena ba, bai tambayi ko na bar shi da rai ba. Ya zazzage su a kan dogon teburin yanka. Sun riga sun sha aiki, wasu da laka, wasu da warin man jirgi. Madam Odil ta yi sa'a guda da gilashinta da fitila, ta bi ɗaya bayan ɗaya, ta koma ta sake bi. Ba ta gano ba. Ga amfanin shekara bakwai a Damagaram. Na ɓoye abin har wadda ta fi kowa ido a atilyen ta kasa.

Erwan ya juyo ya ce, "Kai ka ɓoye, kai za ka nemo. Idan ba ka nemo ba, duka za a datse, mu kuma mu koma kan tsofaffin da muka riga muka ajiye, ana tsakiyar lokacin da mutane ke faɗowa."

Na wanke hannu, na rufe ido, na riƙa bin bayan kowane ɗinki da babban yatsa. Inda reza ta taɓa wucewa, ko an shafa, maɗauri yana ɗan yin gashi-gashi, ido ba ya gani amma fata tana ji. Na wuce goma sha shida. A ta goma sha bakwai yatsana ya tsaya. Na ƙarasa sauran bakwai don kada a ce na yi gaggawa, na dawo kanta na ce, "Wannan ce."

Erwan ya buɗe ɗan littafin da ke bin kowace ɗamara. Ya karanta ya ce, "Ta abokin aikina ce. Sau huɗu ta fita. Ranar Asabar ya ɗauko wata mata da ta karya ƙugu, su biyu a kan wannan akwatin naka, ƙasa kuma tana can inda bishiya take kamar ciyawa."

Aka kai ta ɗakin baya. Madam Odil ta ɗaura ta a inji, ta matsa gefe ta ce ni zan danna. Na danna. Hannun agogo ya wuce nauyin mutum biyu, ya wuce na huɗu, ya ci gaba, sannan ta yage saura kaɗan ta kai jan layi. Na san abin da mai digiri zai ce a nan: ai ta ɗauki fiye da abin da ake buƙata, ina matsalar? Matsalar ita ce jan layin ba don ranar da komai ya tafi daidai aka ja shi ba. An ja shi don ranar da iska ta fizgi jirgi, igiya ta saki ta kuma ɗaure da ƙarfi, ɗamara ta shekara biyar tana shan rana da ƙanƙara. Wannan kuwa kwananta goma a bakin aiki.

Erwan ya ɗauki guntun ya juya shi a hannu. Ya ce, "Ɗinkinka yana da kyau, tela. Shi ne abin da ya ba ni tsoro."

Mai atilyen ya so ya sallame ni a ranar. An tambaye ni sau nawa na taɓa yin haka, na ce sau ɗaya. Ba su yarda ba, kuma da ni ne su ba zan yarda ba. Aka ɗebo samfuri daga tsofaffin ayyukana aka yi ta yagawa a inji har sati uku, ban san matsayina ba, kullum in zo in zauna a kan benci kamar mai jiran likita. Duka suka wuce jan layi. Madam Odil ce ta gaya wa mai atilyen cewa idan ya kori wanda ya kawo kansa, na gaba da zai yi kuskure zai yi shiru. Aka bar ni, amma ba a kan keke ba.

Wata goma sha uku na yi a kan wuƙa mai zafi. In auna, in yanka, in jera, hayaƙin roba yana shiga tufafina har matata ta ware mini ƙusa a baranda don rataye su. Wadda take ba ni umarni wata ce da ni na koya mata zura zare. Labari ya kai Château Rouge kafin sati, aka riƙa aiko mini da gaisuwa ana tambayar yaya mahauci. Wani ɗan garinmu ya tare ni a metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya ce, "Malam Isufu, an ce kai ka kai ƙarar kanka? To wa ya ci shari'ar?" A cikin shekarar kuma lokacin sabunta takarduna ya zo, na je da wasiƙar aiki da aka rubuta mini a kan matsayin mai yanka, na jira amsa wata huɗu. Alhaji Laminu bai yi ƙarya ba a kan abin da zai iya faruwa. Abin da bai lissafa ba shi ne wanda ke rataye.

Da wa'adin ya cika aka sake yi mini gwaji kamar baƙo, aka ba ni hatimi da sabuwar lamba. Tsohuwar an soke ta, ba za a sake ba wa kowa ba. A satina na farko na datse maɗauri biyar na jefa a jan kwando, na rubuta sunana a bango da manyan baƙaƙe yadda mai wucewa da gudu ma zai karanta. Madam Odil ta tsaya ta duba ta ce, "Biyar?" Na ce, "Biyar, Madam." Ta wuce. Erwan bai sake yi mini wasa ba sai bayan shekara biyu. Ranar ya sauko daga lilonsa, ya zo ya tsaya a kekena ya ce, "Juya aljihunka." Na juya. Goro ne da tikitin taram. Ya ce, "To, yau ma ka bar ni da rai."

Yanzu idona ya fara gajiya, zura zare sai da tabarau biyu, kuma a ƙarshen shekara zan ajiye. Atilyen yana neman mutum biyu, an kuma ce in kawo suna idan na san wani. Tun da maganar ta fita wayata ba ta huta ba. Kowa yana da ƙane ko ɗan ƙanwa wanda hannunsa zinariya ne, wanda ya yi wa matar minista ɗinki, wanda ba a taɓa dawo masa da kaya ba. Irin wannan yabon shi ne yake sa in kashe waya.

Saboda haka ga roƙona gare ka, kai mai karanta wannan. Idan kana da telan da kake so ka turo mini, kada ka aiko da hoton rigunansa, ba zan duba ba. Zaunar da shi ka tambaye shi yaushe ya ɓata wa mutum kaya, da kuma abin da ya gaya wa mai kayan. Idan ya faɗi rana, ya faɗi abin da ya ɓata, ya ce da bakinsa ya sanar, ka ba shi kuɗin taram ya zo ya same ni ranar Litinin ƙarfe takwas, aljihu a juye. Idan kuwa ya yi murmushi ya ce shi ba a taɓa kama shi ba, ka yaba masa, ka bar shi a kan shadda, kada ka gaya masa inda nake.